Gona ɗaya, doka uku

Assalamu alaikum jama'a. Damina ta ƙarato, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke biyo bayan ruwan shuka: rigimar iyaka, rigimar gonar gado, rigimar burtali. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan. Manomin ƙauyukanmu na ƙasar Gumel yana zaune ne a ƙarƙashin doka iri uku a lokaci guda, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayanin ko ɗaya da harshen da yake ji.

Shari'ar Musulunci ta daɗe a ƙasar nan fiye da yadda wasu ke zato. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan mulki da adalci. Bayan jihadin 1804 kuwa, kowane babban gari da alƙalinsa, ana hukunci bisa mazhabar Imamu Malik na Madina. Littattafan da alƙalanmu ke buɗewa har gobe, Risala da Muhtasar da Tuhfa, daga Ƙairawan da Masar da Andalus suka zo. Mai Tuhfa, Ibn Asim, alƙali ne a Garnaɗa, cikin ƙasar da yau ake kira Sifaniya. A gefen wannan kuma ga al'ada, wato sulhun zauren mai unguwa da na dagaci, inda mafi yawan rigingimunmu ke mutuwa tun ba su kai kotu ba.

Sai Turawa suka ci Kano a 1903. Ba su rushe kotunan alƙalai ba, amma sun hana yanke hannu da jifa, suka ɗora Razdan da Di'o a kai, suka shigo da tsarin Ingila, wanda a cikinsa hukuncin da manyan alƙalai suka yanke a baya shi ne ma'aunin na gaba. Final kod, wato dokar hukunta laifuka da ake ambata a kotun majistare, an zartar da ita a 1959, ta fara aiki a 1960. Daga ta Sudan aka kwaikwayo ta, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, filin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe shi. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Jigawa da Kano suka bi a 2000, waccan doka ba ta motsa ba, don an riga an cusa ta cikin kundin tsarin mulki.

Ni ban ga laifin haɗuwar dokokin ba. Ƙasashe da yawa haka suke tafiya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne talaka ba ya sanin wace doka za ta yanke masa hukunci sai ranar da aka yanke.

Akwai wani dattijo a unguwarmu. Mahaifinsa ya ba amininsa aron gona lokacin da zai tafi cirani a shekarun fari, aka yi magana baki da baki a gindin tsamiyar da ke bakin gonar, aka yi fatiha aka watse. Shekaru suka ja, mai aro da mai ba da aro duk suka riga mu gidan gaskiya. Da ya je karɓar gonar ubansa, 'ya'yan wancan suka ce su tun da suka buɗe ido nan suke noma. Aka kai ƙara. Alƙali ya ce masa: "Baba, kai ne mai da'awa, kawo shaidu." Ya waiga, duk waɗanda suka zauna a gindin tsamiyar suna maƙabarta. A kan bencin kotu ya fara jin hukuncin hauzi, cewa a Malikiyya wanda ya ga bare yana amfani da filinsa shekara 10 ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ba za a saurari da'awarsa ba. In ɗan'uwa ne, sai wa'adin ya kai shekara 40. Hauzi ba ya cin aro ko jingina ko amana, to amma sai ka tabbatar aron ne. Da me zai tabbatar? Ya sayar da san nomansa ya ɗaukaka ƙara, ya dawo babu sa babu gona. Alƙalin bai zalunce shi ba, da abin da aka kawo gabansa ya yi hukunci. Da an rubuta takarda guda, da ta raba gardama.

Haka 'yan'uwanmu mata. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa mace ba ta gadon gona, a ba ta ɗan kuɗi ko buhun gero a sallame ta. Wannan al'ada ce ta son zuciya. Suratun Nisa'i ta yanka wa 'ya rabin kason ɗa, ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, kuma ba ta cire gona daga cikin dukiya ba.

Ku tsallaka iyaka ta Maigatari ku ga wani abu. Hausawa ne irinmu, mazhaba ɗaya, gero ɗaya, amma kotunan Nijar tsarin Faransa suka gada, wanda tushensa kundin Napoliyon na 1804 ne, shi kuma ya ɗebo daga dokar Rumawa. A can alƙali rubutaccen kundi yake fara dubawa. Duk da haka ba su watsar da sarakuna ba. Doka ta ba su ikon sulhu a rigimar gona, kuma ana rubuta sulhun a sa hannu. Tun 1993 suka yi dokar karkara da ta kafa kwamitocin filaye har zuwa ƙauye, masu ba da takardar sayarwa, ta kyauta, ta aro da ta jingina. Su ma suna da matsalolinsu, amma a wannan fanni sun sha gabanmu.

Mu da muke da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, tana umartar mu da rubuta bashi da kafa shaidu, me ya hana mu? Kunya ce. Mutum na ganin in ya ce wa amininsa a rubuta, kamar ya ce bai yarda da shi ba. Wannan kunyar ce ke gadar wa jikoki gaba.

Roƙona ga malamanmu: a riƙa karanta babin ciniki da jingina da gado da hauzi a masallatan ƙauye bayan la'asar, da Hausa, kamar yadda ake karanta babin tsarki. Ga ƙananan hukumomi kuma, a buga takarda mai shafi ɗaya da boko da ajami a ajiye wa kowane dagaci, mai gurbin sunan gona, maƙwabtanta ta kusurwa huɗu, irin yarjejeniyar, wa'adinta, da sa hannun shaidu ko dangwalen yatsa. A yi kwafi uku, ɗaya ga mai gona, ɗaya ga wanda ya karɓa, ɗaya a sakatariya. Duk mai kusanci da kansila ko ɗan majalisar jiha a cikinku, don Allah ya isar masa da wannan kafin a fara shuka.