Daren da Fatalwar Indiya ta Tona Asirin Maƙwabcina

Daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta, lokacin da gasar Firimiya ta Ingila take hutu, mai gidan kallon unguwarmu ba ya yarda bencinansa su kwana a banza. Sai ya koma saka fina-finan Indiya na fassara, naira 200 kowane kai. Ni ƙwallo ce take kai ni wurin, fim bai dame ni ba. Amma wata Alhamis bayan isha'i maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ya yi mini sallama wai lallai sai mun je, an kawo na fatalwa, kuma shi zai biya. Mutumin da ko ruwan leda bai taɓa saya mini ba. A hanya har rake ya tsaya ya saya mana.

Na ɗauka tausayina yake ji, domin a satin nan ina cikin jimami. Jan zakarana, wanda nake kiwo tun yana tsako, ya yi ɓatan dabo. Shi maƙwabcin nawa ne ma ya raka ni cigiya gida-gida, yana tafe yana cewa Allah ya tona asirin ɓarawon nan.

Labarin fim ɗin ba shi da wuyar ganewa. Wani ɗan kasuwa ne ya kashe abokin cinikinsa saboda kuɗi, ya jefa gawar a rijiyar bayan gida, ya rufe bakinta da siminti. Babu wanda ya gani. 'Yan sanda suka zo, suka sha shayi, suka tafi. To tun daga ranar, da zarar dare ya raba sai ya ji ruwa yana ɗiga, ya tashi ya tarar da sawun ƙafa a jiƙe daga bakin ƙofa har gefen gadonsa.

Mu dai ba ma kallon fim da baki a rufe. Da mutumin ya nufi ƙofa sai gidan kallo ya ɗauka gaba ɗaya: "Kai, kar ka buɗe!" Ya buɗe. "Wawa, to kunna fitila mana!" Bai kunna ba. Wani tela da yake bayana ya fara Ayatul Kursiyyu, sai in ya kai tsakiya kiɗan fim ɗin ya buga, ya rikice, ya sake daga farko. Yaran da suke tabarmar gaba kuwa sun rufe fuska da hula, suna leƙe ta gefe. Akwai wani dattijo tsohon direba da yake ta ba mu labarin cewa shi tun zamanin Plaza da El-Dorado da Marhaba yake shiga sinima a Kano, babu fim ɗin da ya taɓa girgiza shi. Na duba ƙasa, na ga Baba ya naɗe ƙafafunsa biyu a kan benci, takalmansa kaɗai ne a ƙasa.

Ana cikin haka wani malamin Islamiyya ya shigo neman ƙaninsa. Ya kama kunnen yaron, ya ɗaga ido ya kalli allon talabijin, sai ga shi a zaune, kunnen yaro na hannunsa.

"Allah gafarta Malam," in ji tela, "wannan ai azumi sittin ya kama shi ko?"

Malam ya gyara zama ya ce a'a. Azumin wata biyu a jere kaffarar kisan kuskure ce, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 92, tare da diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne. Wannan kuwa da gangan ya yi, hukuncinsa ƙisasi, sai in dangin mamaci sun yafe. Wani daga lungu ya ce, "Malam, mutumin nan fa gunki yake bauta wa." Wani ya ce ko da ya musulunta ina zai samo raƙuma. Baba direba ya rantse akwai raƙuma a Indiya, ya sha ganinsu a fim. Aka yi ta wannan gardama har fatalwa ta fito ta koma babu wanda ya kula ta.

Ita fatalwar, gaskiya, ba ta burge ni ba. Kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. Inda fim ɗin ya kama mu shi ne lokacin da matar mamacin ta kawo wa makashin abinci, ta durƙusa tana yi masa godiya saboda wahalar da yake sha wajen neman mijinta. Ya kai loma baki, ta ƙi wucewa. A nan kowa ya yi tsit, har tela. Na juya zan yi wa maƙwabcina magana, na ga gumi yana tsiyaya daga goshinsa, raken na hannunsa ko ɓarewa bai yi ba.

"Lafiya dai, mutumina?"

"Zafi ne," in ji shi. Alhali hadari ya haɗo, iska sai kaɗa labulen buhu take.

Ruwa ya kece a kan kwano daidai lokacin da makashin ya ɗauki guduma ya nufi bakin rijiya. Ya buga sau ɗaya, siminti ya tsage. Ya ɗaga zai ƙara, janareto ya yi tari ya mutu. Duhu ya rufe mu ruf. Rufin gidan kallon nan da ma yana yoyo, kuma cikin duk mutanen da suke wurin, ƙeyar maƙwabcina ruwan ya zaɓa: ɗis, ɗis, ɗis. Sai wayar wani yaro ta yi ƙara a tabarmar gaba, shi kuma ɗan banzan carar zakara ya saka a matsayin kiɗan kira.

"Ni ne! Wallahi ni ne na kashe shi! A yafe mini!"

Kafin ka ce kwabo rabin gidan kallo ya yi bakin ƙofa, Baba direba a gaba ba takalmi. Wani yana ihun a kira 'yan sintiri. Aka haske maƙwabcina da fitilun waya, yana durƙushe tsakanin benci biyu. Malam ne ya yi ta maza ya matso.

"Bawan Allah, wa ka kashe?"

"Jan nan ne, Malam. Geron da aka shanya ya zo yana ci, na jefe shi da ice, ya faɗi yana shure-shure. Sai na yi maza na yanka kada ya zama mushe."

"Ina gawar?" in ji tela, wanda har lokacin bai fahimci zancen ba.

"Mun cinye." Ya ɗago ya kalle ni. "Har da kai. Farfesun ranar Lahadi."

Jama'a, na tuna farfesun nan. Ya ji citta da masoro. Ina ci ina ba shi labarin halayen zakarana, yana ƙara mini romo yana cewa, "Ci, ci, Allah zai mayar maka da alheri." Har ƙashi na tauna.

Waɗanda suka gudu suka dawo, gidan kallo ya koma kotu. Malam ya ce magana ɗaya ce, ya biya kuɗin zakara. Tela ya ce ai kisan kuskure ne, a sassauta. Baba direba, da ya dawo neman takalmansa, ya tambaye ni wane sashe na ci. Na ce cinya. "Ɗaya ko biyu?" Maƙwabcina ya ɗaga yatsu biyu. Baba ya ce to a cire kuɗin cinyoyi. Wani ya ce a cire geron da marigayi ya ci. Wani ya ce kayan miya da gawayi fa, kyauta ake samunsu? Mai gidan kallo, yana fama da igiyar janareto, ya leƙo ya ce kada a manta da naira 200 ta shiga da kuɗin rake. Da yaron mai carar zakara ya gama lissafi a wayarsa, sai ya zamana ni ake bi canji. Na waiwaya neman Malam ya sa baki, ashe ya ja kunnen ƙaninsa sun yi gaba.

Na isa gida a jiƙe sharkaf, na tashi uwargida na zayyana mata komai, ina jiran ta yi salati. Ta yi hamma ta gyara filo.

"Au, wannan farfesun? Ai mu ma matarsa ta aiko mana da kwano guda. Gishiri ne dai ya ɗan yi masa yawa."