Furen hamadarsu da tafasarmu

Wallahi maganar da wata abokiyar aikina ta yaɓa min har yanzu tana ci min rai. Mun je Death Valley a Kalifoniya kallon fure, tana cikin ɗaukar hoto ta juyo ta ce wai ai mu hamadarmu ba komai sai rairayi ko?

Wurin nan kwari ne mai zafin bala'i, nan aka auna digiri 56.7 a 1913, ruwan shekara guda da ƙyar yake kai santimita 5. Amma in aka dace ruwa ya sauka sosai kafin sanyi, kamar yadda aka gani a 2005 da 2016, sai wani fure rawaya da suke kira desert gold ya rufe tsakuwa iya ganinka, ganyensa gashi-gashi, irinsa kuma yana iya kwanciya a ƙasa shekaru yana jiran ruwa. Sai ka ga layin motoci a bakin titi, tsoho da tsohuwa sun durƙusa da kyamara, mutum ya tuƙo mota tun asuba ya biya kuɗin shiga, kuma ko ɗaya ba ka isa ka tsinka ba doka ta hana. Sun iya tattalin abinsu, wannan kam ban musa ba, kuma furen yana da kyau.

Amma ta zo Tanout ko Dakoro can gida Nijar sati biyu bayan ruwan farko mana ta gani. Tafasa ba ta fure rawaya ne? Tsaida fa? Mu dai ba kallo muke zuwa yi ba. Kakata ba ta taɓa riƙe kyamara ba amma ta san ganyen da za a yi kwaɗo da shi, da wanda in akuya ta ci cikinta zai kumbura. A 2005 ɗin nan da suke layin kallon fure, mutanenmu a Maradi da Damagaram anza suke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu na sawa a baki. Wa ya fi wani sanin daji a nan?

Abin da ya fi damuna ma ɗana, nan Amurka aka haife shi, a makaranta an koya masa sunayen furannin nan tas, na nuna masa hoton tafasa a waya ya ce menene wannan. Daminar baɗi in Allah ya yarda wajen Inna zai yi hutunsa, ko tikitin nawa ne.