Rumbun da Ingila ta bari a bayan katanga

Duk lokacin da aka taɓo yaƙin farko tsakanin Ingila da Afganistan, labarin Dakta William Brydon ake fara kawowa, likitan sojan da ya isa Jalalabad ranar 13 ga Janairun 1842 da sara a ka, dokinsa na shirin faɗuwa, kusan shi kaɗai daga rundunar da ta baro Kabul aka hallaka ta a cikin duwatsu. Daga nan sai a ce ai ƙasar makabartar dauloli ce, duwatsu da sanyi da jarumtar mutanenta ba sa barin baƙo. Jarumtar kam ban musa ba. Amma a ganina an ci Turawa da yaƙi tun wata biyu kafin su shiga duwatsun, a wata 'yar kagara ta ginin laka da ke kusa da barikinsu a Kabul, inda suka tara hatsinsu.

Da farko sa'a ta yi musu yawa, ita ce kuma ta ruɗe su. A watan Yulin 1839 suka iso Ghazni, garin da ake ganin ganuwarsa ba ta fasuwa, ga shi jagoransu Janar Keane ya baro manyan igwoginsa a Kandahar. Sai wani ɗan'uwan Dost Muhammad, sarkin Kabul da suka zo tsigewa, ya tsegunta musu cewa an toshe ƙofofin garin da gini, ban da ƙofar Kabul. Da asubahin 23 ga wata suka jibge buhunan albarushi a gindinta suka tayar, kafin hantsi gari ya zama nasu. A watan Agusta suka ɗora Shah Shuja a kan karagar Kabul, mutumin da aka kora daga mulki shekara talatin kafin nan. Wanda ya ci Ghazni a safiya ɗaya ai zai ɗauka komai ma haka yake.

Kabul tana da tata babbar kagara, Bala Hissar, a kan tudu, tana kallon gari. Maimakon su zauna a ciki, sai suka bar wa Shah Shuja da iyalinsa, suka gina bariki a fili mai kwari, da gajeriyar katanga, tuddai da lambuna da ƙananan kagarori sun kewaye shi. Sannan suka ajiye hatsi da magunguna a wata kagara daban, 'yan ɗaruruwan taku a wajen katangar. Ko manomi a ƙauye ba ya gina rumbu a inda sai ya ratsa ta ƙofar maƙiyinsa kafin ya ɗebo tsaba. Hafsoshin nan ba jahilan yaƙi ba ne, sun dai riga sun yanke a ransu cewa yaƙi ya ƙare, har wasu sun aiko an kawo musu matansu daga Indiya.

Sai batun kuɗi ya shigo. Riƙe Shah Shuja yana cin baitulmalin Indiya, aka matsa wa wakilin Ingila, William Macnaghten, ya rage kashewa. A 1841 ya zaftare kusan rabin abin da ake ba shugabannin ƙabilar Ghilzai don su bar hanyar duwatsu a buɗe. Su kuwa suka rufe ta. Takardun Turawa suna kiransu 'yan tawaye, kalmar da nake jin nauyinta a baki, domin mutum yana ƙasarsa, an kawo masa sarki a bakin bindiga, an kuma saɓa alkawarin da aka yi da shi.

Ranar 2 ga Nuwamba gari ya tashi, aka kashe Alexander Burnes, wani babban jami'in Ingila, a gidansa da ke cikin birni. Nan da nan mayaƙan suka kama kagarar Muhammad Sharif, wadda ke kallon hanyar da ke tsakanin bariki da rumbu. Dogayen bindigoginsu na jezail sun fi na sojan Ingila cin nisa, duk wanda ya leƙo sai a ɗauke shi. Wani ƙaramin hafsa mai suna Warren, da ɗan abin da ke hannunsa na sojojin Indiya, ya yi ta aiko da saƙo cewa ana haƙa ƙarƙashin katangarsa. Janar Elphinstone, kwamandan barikin, ya kwana yana shawara, a fita yanzu, a'a a bari sai da safe. Kwana uku da tashin boren, Warren ya fice da mutanensa. Sojoji dubbai suna tsaye a kan katangar bariki suna kallon mutanen gari na jidar abincinsu a ka da bayan jakuna.

Wasu na ɗora laifin duka a kan Elphinstone, tsoho mai ciwon gaɓɓai da ko doki da ƙyar yake hawa. Yana da nasa kason, babu shakka. Sai dai a 1841 ya zo, ya tarar an riga an gina barikin an ajiye rumbun a inda yake, kuma ba shi ya yanke kuɗin Ghilzai ba. Ko bayan asarar ma akwai mafita, domin Bala Hissar ba ta kai mil biyu ba, Shah Shuja yana ciki lafiya lau. An kawo shawarar komawa can, aka yi ta jayayya har dama ta wuce. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: sun ɗan riƙa sayen hatsi a ƙauyen Bemaru, ranar 23 ga Nuwamba aka fatattake su a tudun wurin, daga nan sai ciniki da Akbar Khan, ɗan Dost Muhammad, cinikin mai jin yunwa. A wurin irin wannan zama aka kashe Macnaghten ranar 23 ga Disamba.

Ranar 6 ga Janairu suka fito cikin dusar ƙanƙara, sojoji kusan 4,500 da masu hidima kusan 12,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancinsu Indiyawa ne, masu dafa abinci da masu jan raƙuma da matansu da 'ya'yansu, waɗanda ba a taɓa tambayarsu inda ya kamata a ajiye hatsi ba. Kafin shekarar ta ƙare Janar Pollock na Ingila ya zo ya rushe babbar kasuwar Kabul don huce haushi, ya juya Indiya. Shah Shuja an riga an kashe shi tun watan Afrilu, Turawa da kansu suka saki Dost Muhammad da suke tsare da shi, ya koma karagarsa a 1843 ya zauna har ya rasu a 1863.