Jirgin sama ya sauka a Greenland, masu gida suka zama baƙi

Duk lokacin da Donald Trump ya sake ta da maganar mallakar Greenland, masu sharhi kan buɗe taswira su nuna muhimmancin tsibirin ga tsaron Amurka. Da wuya ka ji an ambaci mutanen da suka fara biyan kuɗin wannan muhimmancin, wato ƙabilar Inughuit, reshen al'ummar Inuit da ke zaune a can ƙuryar arewa maso yammacin tsibirin. A ganina, jirgin sama ne ya karya musu daraja a idon baƙo, kuma ya yi hakan cikin ƙasa da shekara 30.

Kafin jirgi, Bature ba ya iya komai a wannan ƙasa ta ƙanƙara sai da su. Robert Peary, Ba'amurke mai binciken ƙasa, wanda ya yi iƙirarin isa tsinin arewacin duniya ranar 6 ga Afrilun 1909, matan Inughuit ne suka ɗinka masa kayan fata, mazansu suka kora karnukan da ke jan kaya, suka gina ɗakunan ƙanƙarar da ake kwana. A zangon ƙarshe mutum biyar ne tare da shi: Matthew Henson, baƙar fata ɗan Amurka, da Inughuit huɗu, Ootah da Egingwah da Seegloo da Ooqueah. Ba wai Peary mutumin kirki ba ne. Shi ne ya kwashi Inughuit shida zuwa New York a 1897, huɗu suka mutu a can. Amma dole ya yi ciniki, ya ba da bindiga da wuƙa da allura, domin in masu karnuka suka juya masa baya, tafiya ta ƙare.

A 1925 Amurkawa Donald MacMillan da Richard Byrd suka iso Etah, wani zango a ƙasar Inughuit, da jirage uku masu sauka a ruwa. Hazo da ƙanƙara suka hana su sakat, kwanakin tashi ba su taka kara sun karya ba, suka koma gida ba tare da sun ga sabuwar ƙasar da suke nema ba. Mafaraucin da ya tsaya a bakin gaɓa yana kallo, da ya yi dariya ba za a ga laifinsa ba. Sai dai shekara ɗaya kacal bayan haka, a Mayun 1926, Roald Amundsen da Umberto Nobile suka ratsa saman tsinin arewa a cikin Norge, jirgi mai kama da ƙatuwar balan-balan, daga tsibiran Svalbard na Norway har Teller a Alaska. A 1928 Hubert Wilkins da Carl Ben Eielson suka tashi daga Barrow a Alaska suka sauka Svalbard. Babu kare, babu ɗan jagora. Tafiyar watanni ta koma ta sa'o'i, ilimin da masu ƙasa suka gada ya daina zama abin saye.

Daga nan matuƙa suka gane cewa gajeriyar hanya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ta kan arewa take. A 1951 sojojin Amurka suka dira da jiragen ruwa sama da 100 suka gina sansanin Thule, dab da Uummannaq, ƙauyen Inughuit. A Mayun 1953, da aka buƙaci ƙarin fili don girke makaman kakkaɓo jirage, hukumomin Denmak, ƙasar da ke mulkin Greenland, suka ba mutanen ƙauyen 'yan kwanaki su tattara. Sama da mutum 100 suka ɗaure kaya, suka bar gidaje da kaburburan iyaye, suka nufi Qaanaaq, fiye da kilomita 100 arewa, inda suka zauna a tantuna kafin a gama gidaje. Duba lokacin da kyau: ranar 5 ga Yuni sabon tsarin mulkin Denmak ya fara aiki, wanda ya mai da mutanen Greenland cikakkun 'yan ƙasa. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta kafin ta sami bakin magana.

Za a ce ai jirgi rahama ne a can, kuma gaskiya ne. A yankin Nunavut na Kanada babu titin da ya haɗa gari da gari. Mai naƙuda, da magani, da wasiƙa, duk ta sama suke bi. Ba na jayayya da wannan. Abin da nake cewa shi ne, ba domin mai naƙuda aka fara kai jirgi arewa ba, kuma ba a tambayi kowa ba kafin a shata filin saukarsa.

Ranar 21 ga Janairun 1968 jirgin yaƙi samfurin B-52 ɗauke da bama-baman nukiliya huɗu ya faɗi a kan ƙanƙarar teku kusa da Thule, a tsakiyar duhun hunturu. Su wa aka nema su kai masu ceto wurin? Mafarautan Inughuit da karnukansu.

Sai a 1999 wata kotu a Denmak ta ce korar mutanen Uummannaq ba ta kan ƙa'ida, Firaminista Poul Nyrup Rasmussen ya nemi gafara, aka yanka musu diyyar haɗin gwiwa ta kuroner 500,000 (kuɗin Denmak), ban da ɗan abin da aka ba ɗaiɗaiku. A 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar da diyyar, amma ta ƙi ba su izinin komawa. A 2023 Amurka ta sauya wa sansanin suna zuwa Pituffik, sunan da masu ƙasa ke kiran wurin da shi tun asali, su kuwa har yau suna Qaanaaq.