Kewar gida ba raunin imani ba ce

Assalamu alaikum 'yan uwana na Adar da ke ci-rani, na Abijan da na Legas, da ku da kuka ƙetare hamada zuwa Libiya da Aljeriya.

Daren jiya ƙanena ya kira ni daga Abijan. Tun bayan kaka ya tafi, yana taya wani sayar da garba, abincin nan na rogo da kifi, a unguwar Ajame. Muna cikin gaisawa aka kira sallar lisha a masallacin unguwarmu nan Tahoua, sai na ji ya yi tsit. Can ya ce, murya na rawa: "Yaya, har yanzu ladanin nan ne?" Daga nan ya shiga ba ni haƙuri, wai namiji ba ya haka, wai ko ƙarancin tawakkali ne ya kama shi.

Maganar nan ta hana ni barci. Wa ya gaya mana kewa ƙarancin tawakkali ce?

Da aka yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, zazzaɓi ya kwantar da Abubakar da Bilal, Allah ya ƙara musu yarda. Nana A'isha ta ce idan jikin ya sassauta wa Bilal, sai ya ɗaga murya yana begen Makka: ko zai ƙara kwana a kwarin nan ciyawar izhir ta kewaye shi, ko zai ƙara zuwa ruwan Majanna, ko zai ƙara hango duwatsun Shama da Ɗafil. Ku duba fa, a Makkar nan aka kwantar da shi cikin zafin rana aka aza masa dutse a ƙirji, amma ga shi yana kiran ciyawarta da suna. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi, Allah ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye. Shi kansa ya ce wa Makka, ba don an fitar da shi ba, da bai fita ba.

To kai da kake tuna hurar Inna da cuku, da ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko, kada ka ji kunya. Ɗauki kewar ka kai ta kan darduma. Addu'ar matafiyi tana cikin ukun da hadisi ya ce karɓaɓɓu ne.

Abin da nake tsoro daban ne. Mutum ya fita da niyyar rani guda, damina ta faɗi bai tara abin kirki ba, sai kunyar shigowa gari hannu rabbana ta riƙe shi. Shekara guda ta zama biyar. Waya ma ya daina ɗauka don kada a yi masa zancen kuɗi. Wallahi na san gidaje a garin nan da mata ke zaune ba aure ba saki, yara sun tasa ba su san uba ba sai a hoto. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Malik ɗan Huwairis da abokansa samari sun yi kwana 20 wurin Annabi (SAW), neman ilimi ya kawo su. Da ya lura sun yi kewar iyalansu, sai ya ce su koma gida su zauna cikinsu su koyar da su. Daga gaban Annabi fa aka sallame su saboda kewa! Kuma shi ya ce tafiya yankin azaba ce, wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa wurin iyalinsa.

Idan aiki ko takardu sun riƙe ka, Allah ya san uzurinka. Amma kira gida, ko ba ka da dala ɗaya ta aikawa. Tsohuwa muryarka take jira.

Ƙanena ya ce in sha Allahu zai dawo kafin shuka. Da na gaya wa Inna da safe, ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki ta fiddo masa irin hatsinsa ta ajiye gefe. Allah ya dawo mana da ku lafiya.