Ranar da na ɓoye wa kaina fayil

A watan Disamba, lokacin da sanyin Jos yake hana mutum fitar da hannu daga aljihu, na yanke shawarar cewa lissafin kuɗin da nake tarawa a asirce domin sayen babur ba zai ci gaba da zama a sarari ba, tunda kwamfutar gidanmu kowa yana taɓa ta, daga uwargida har auta. Wani abokin aikina ne ya koya mini dabarar da ake yi a Windows: a danna folda da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a sa alama a kan Hidden. Ina yin haka folda ta yi ɓatan dabo, na kwanta a daren nan ina yi wa kaina kirari.

Bayan mako 3 na zo ƙara lissafi, na nemi folda sama ko ƙasa na rasa, kuma wallahi na manta sarai cewa ni ne na ɓoye ta. Na tara yara a falo na yi musu shari'a, na ɗora laifin a kan Abba saboda shi ne mai yawan buga wasa a kwamfutar, yaro yana rantsuwa ina cewa ƙarya yake yi.

Washegari na rungumi kwamfuta na hau keke daga Unguwar Rogo zuwa wajen wani mai gyara kusa da Terminus. Saurayin ya saurari dogon jawabina a kan rashin tarbiyyar yaran zamani, sannan ya buɗe File Explorer, ya shiga View, ya kunna Hidden items, sai ga foldata ta bayyana dishi-dishi kamar mai jin kunyar ganina. Ya ce, "Baba, wannan ɓoyewar labule ce kawai, ba ta goge fayil, ba ta kulle shi da kalmar sirri." Aikin bai kai minti ɗaya ba, amma naira 2,000 na biya, ban ko nemi ragi ba saboda ina son barin wurin da sauran mutuncina.

Da na dawo gida na sayo wa Abba tsire a matsayin ban haƙuri, sai uwargida ta dube ni ta ce, "Baban Abba, ai da ka tambaye ni da ba ka sha wannan sanyin ba." Ashe duk lokacin da ta buɗe Excel domin lissafin adashinsu, sunan fayil ɗina yana nan a jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan, dannawa ɗaya ya isa. Ta ƙara da cewa na yi kuskure a layi na 9, kuɗin sun fi yadda nake zato da naira 15,000, kuma daidai abin da ya rage mata ke nan ta cika kuɗin keken ɗinki.