Mun haddace kirarin magabata, labarinsu kuma yana kulle a akwati

Da wuya a sami gari a ƙasar Hausa da ake ambaton tarihi a cikinsa kamar Sakkwato. Ɗan siyasa ba ya buɗe jawabi sai ya ce Birnin Shehu, maroƙi ba ya rufe baki sai ya jero Bello da Atiku da Aliyu Babba, kuma duk ƙofar da ka bi, ko Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke ko Taramniya, sunanta kaɗai labari ne. Wannan ya sa muke ɗauka mun san tarihinmu. Ni kuwa ina ganin abin da yawancinmu muka riƙe kirari ne. Kirari yana gaya maka wane ne babba, ba ya gaya maka abin da ya faru, balle dalilin faruwarsa.

Gwajin ba shi da wuya. Ka tambayi matashin da ya gama sakandare wane ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, zai ce Mujaddadi, ya ƙara da addu'a. Madalla. To, ka ce masa me ya raba Shehu da sarakunan Gobir har aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804? Nan za ka ji an ce "ai arna ne aka yaƙa," a yi shiru. Alhali Shehu ya koyar a ƙasar Gobir shekaru masu yawa kafin a zare takobi. Wajen 1788, a filin Idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya ba shi kyautar dukiya, ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, kuma kada a danne talakawa da haraji. Biyun ƙarshe ba maganar salla da azumi ba ce, maganar mulki ce. Wanda bai san wannan ba zai yi ta ziyartar Hubbare har tsufansa bai gane cewa mutumin da ke kwance a wurin ya yi faɗa da zaluncin masu iko ba ne.

Haka abin yake ga Giginya. Yaro ya san filin ƙwallo da barikin soja da otal, duk da wannan suna. Kaɗan ne za su gaya maka cewa a nan rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta tari sojojin Turawan Ingila ranar 15 ga Maris 1903, kuma daga nan ya kama hanyar gabas da jama'a masu yawa a bayansa, har aka kashe shi a Burmi cikin watan Yulin wannan shekara. Satiru kuwa, garin da ke kusa da mu wanda ya yi tawaye a 1906 aka shafe shi daga doron ƙasa, kusan ba a ambatonsa ko a hira.

Ban yarda da masu ɗora laifin ga jama'a ba, suna cewa mutanenmu ba sa son karatu. Wa ya ba su abin karantawar? A zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a duk Najeriya, aka narkar da guntunsa cikin darasin zamantakewa. Sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da shi. Wanda ya shiga aji ɗaya a shekarar da aka cire shi, yau magidanci ne ko yana shirin zama. Kuma ko da aka ce an maido, malamin da zai koyar ba a sararin sama za a tsinko shi ba.

Amma makaranta rabin matsalar ce. Sauran rabin yana hannun waɗanda suka mallaki littattafan. Shehu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello sun bar rubuce-rubuce ɗaruruwa, mafi yawa da Larabci. Wasu suna Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, wasu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu kuma a cikin gafaka da akwatunan gidajen malamai, inda gara da damina ke rabon su. Masana sun yi aiki a kansu, ba a musu. Sai dai aikin ya fi fitowa da Turanci, a kundin digiri da taron ƙara wa juna sani, wurin da mai sayar da albasa ko mai jima ba zai taɓa leƙawa ba. Har Baturen da ya rubuta shahararren littafi kan Daular Usmaniyya a 1967, Murray Last, a gaban Waziri Junaidu ya zauna ya ɗebi ilmi. Ilmin ya ƙetare teku ya dawo, bai ƙetare titi ya shiga Tsohuwar Kasuwa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne magabatan ba su rubuta tarihinsu a matsayin kirari ba. Mu ne muka mai da shi haka. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci yaƙin Tabkin Kwatto tsakanin jama'ar Shehu da Gobirawa, shi ne wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas saboda takaicin ganin wasu 'yan jama'a sun karkata ga neman sarauta da dukiya, har mutanen Kano suka tsayar da shi. Ya rubuta wannan takaici da alƙalaminsa cikin Tazyinul Waraƙati, bai ɓoye ba. Bello kuma, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun Shehu al-Kanemi na Barno waɗanda ke tuhumar su kan dalilin yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, sannan ya ba da amsa. Wato ya ajiye hujjar abokin hamayyarsa domin na baya su karanta su auna. Yau kuwa, ɗalibi ya ɗaga hannu ya yi irin tambayar al-Kanemi, sai a ce ba shi da ladabi.

Wani zai ce ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke da lokacin labarin yaƙin Alkalawa da na Gawakuke? Tambayar tana da nauyi, musamman ga mutumin Sabon Birni ko Isa da bai iya zuwa gonarsa ba. Amma a duba abin da ke yawo a Facebook da TikTok. Tun da rikicin daji ya ɗauki launin ƙabilanci, an sami masu tallar wani sabon tarihi: wai abin da ya faru a 1804 mamayar Fulani ce a kan Hausawa, ba wani abu ba. Ɗaya ɓangaren kuma na mayar da martani da cewa duk wanda ya yaƙi jama'ar Shehu kafiri ne, jikokinsa su yi shiru. Duk biyun suna cin kasuwa ne saboda mai sauraro bai san komai ba bayan kirari. Da ya san cewa Abdussalami, ɗaya daga manyan almajiran Shehu na farko, ba Bafulatani ba ne, kuma rikicin mutanensa na Gimbana yana cikin abin da ya kunna wutar. Da ya san cewa akwai Fulani da Buzaye a rundunar Sarkin Gobir Yunfa ranar Tabkin Kwatto. Da ya san cewa wannan Abdussalamin ya saɓa da Bello bayan rasuwar Shehu a 1817 har aka yaƙe shi a Kware, da ba za a sayar masa da labari mai layi ɗaya ba. Labarin gaskiya ya fi haka sarƙaƙiya, kuma bai wanke kowa tas ba. An kama bayi, an ƙone garuruwa, Gobirawa da Kabawa suna da nasu bayanin da ya cancanci a saurara. Kabawa ma ba su daina gwabzawa da Sakkwato da Gwandu ba har zuwan Turawa, kuma ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ita ce tushen bikin kamun kifin da muke kallo kamar wasa kawai.

Hanyar isar da wannan ga jama'a ba sabuwa ba ce a garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara labarin hijira da yaƙe-yaƙen mahaifinta a waƙe, ta koya wa jajojinta, wato matan da take turawa koyarwa a ƙauyuka. Jaji takan ɗora malfa da jan ƙyalle, ta koma ƙauyensu ta tara mata ta rera musu, su haddace suna daka suna kaɗi. Asma'u ba ta jira an gina aji ba, ba ta kuma ce sai wanda ya iya Larabci ba. Ta kai ilmin da harshen da ake ciniki da shi.

Abin da nake nema bai wuce haka ba. A fassara manyan littattafan nan zuwa Hausar da kowa ke ji, a buga su da boko da ajami a farashin da ɗan makarantar allo zai iya saya. Gidajen rediyon jihar su ware lokaci a mako, malamin jami'a ya zauna da masanin fada da dattijon Gobir, a buɗe waya jama'a su yi tambaya ba tare da an kashe musu baki ba. A kafa allon bayani da Hausa a Giginya da Hubbare da kowace ƙofar gari, layi biyar ko shida sun isa. Surame, birnin Sarkin Kabi Kanta mai ganuwar dutse, tana cikin jihar nan, ta girmi Sakkwato da kusan shekara 300. Makarantun da ke kusa da ita su riƙa kai yara idan hanya ta yi lafiya. Gidajen da ke riƙe da tsofaffin takardu kuma a bi su da lalama a ɗauki hotonsu a bar musu kayansu, domin ba kowane magaji ne zai yarda a fitar da gafakar kakansa daga ɗaki ba, kuma yana da gaskiyarsa.